GININ ƊAKIN MAGANI DABAN, RIƘE SHI DABAN

Kowace shekara, idan Kirsimeti ko Salla ta gabato, ƙungiyoyinmu na 'yan gida da ke Ikko da Badun da Fatakwal sukan zauna su yanke shawarar abin da za a kai gida. Sau da yawa shawarar ba ta wuce gini. A tayar da ɗaki biyu a kira su ɗakin shan magani, a rubuta sunan ƙungiya a jikin bango, kana a gayyaci hakimi ya buɗe. Ba mu ce wannan laifi ne ba. Amma fa ya kamata a tambaya: bayan baƙi sun watse, wa zai biya wanda zai riƙa buɗe ƙofar kowace safiya?

Bari mu ɗauki Madakiya, a ƙasar Bajju, cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf. Tsakaninta da Kafanchan 'yar tafiya ce, kuma a 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da babban asibitin Kafanchan ya zama nata. Madalla da wannan. Sai dai kusanci da asibiti bai zama samun magani ba. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun marar lafiya yake fitowa. Manomiyar da ba ta da kuɗin kati da na babur, ko da asibiti yana bayan gidanta, daidai yake da yana Kaduna.

Masu cike wannan giɓi, tun da daɗewa, ƙananan ƙungiyoyi ne, watau zumuntar mata a majami'u, da 'yan agaji a masallatai, da ƙungiyoyin sa kai. Wadda ta fi yin suna a wannan yanki ita ce Gidauniyar Fantsuam, wadda Dakta John Dada da abokansa suka kafa a 1996, mazauninta kuwa Bayan Loko a Kafanchan. Ta ba mata rancen jari, ta koyar da kwamfuta, ta kuma shiga aikin lafiya, har da gwajin jinin yara domin gano ciwon sikila, wanda ake kira amosanin jini, tare da taimakon likitoci daga Ingila.

Wannan ciwo shi ne zai nuna mana inda gizo ke saƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da shi kowace shekara a ƙasar nan. Yaron da aka gano da wuri, abin da yake bukata ba mai tsada ba ne ƙwarai: ƙwayar ƙarin jini, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da maganin kare shi daga ƙwayoyin cuta, da wanda zai koya wa uwarsa alamun hatsari. Amma bukatar ba ta yankewa. Wata ya mutu, wata ya kama, sai an sake saye, sai an sake biyan ma'aikaciyar da ke zagaya gidaje. Ba a warkar da irin wannan da biki ɗaya.

Alhali kuwa masu ba da taimako, na waje da na gida, ba su cika son biyan albashi ko man janareto ba. Sun fi son na'ura da za a ɗauki hotonta, da shiri na shekara biyu ko uku wanda za a rufe da rahoto. Haɗarin dogara da su kuma ya fito fili a Janairun 2025, sa'ad da gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon ƙasashen waje, daga baya ta rushe hukumarta ta USAID. Majalisar Tarayya ta ƙara Dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar domin toshe ɓarakar. To, amma irin wannan kuɗi ta ofisoshin gwamnati yake bi, haka ma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta kafa. Ƙungiyar mata goma a ƙauye ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba.

Matsala ta biyu ba a cika faɗinta ba, don kunya. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi a wuyan mutum ɗaya suke rataye. Shi ne shugaba, shi ne ma'aji, shi kaɗai ya iya rubuta takardar neman taimako. Ran da ya tsufa ko ya gaji, sai aikin ya kwanta tare da shi. Mai ba da kuɗi kuwa, kafin ya saki ko kwabo, zai nemi takardar rajista da sunayen amintattu da lissafin da mai binciken kuɗi ya sa wa hannu. Waɗannan ba ƙwarewar unguwarzoma ba ne, komai iya aikinta.

A nan ne mu mazauna Kudu muke da abin bayarwa. Cikinmu akwai akantoci a bankunan Ikko, da ma'aikatan jinya, da lauyoyi, da tsofaffin sojoji da suka riƙe sito shekara da shekaru. Akanta guda da zai ba da kwana uku na hutunsa ya daidaita littafin wata ƙungiya, ya yi mata abin da buhun siminti ɗari ba zai yi ba. Lauya ya yi mata rajista. Wani ya ɗauki nauyin horar da matashiyar da za ta gaji shugaba.

Game da kuɗi, shawararmu ita ce kowace ƙungiyar 'yan gida ta zaɓi ƙungiyar lafiya ɗaya tak a yankinta, ta yanka mata abu kaɗan kowane wata, na shekara biyar, a rubuce, ba tare da sharaɗin sai an saya abin da za a liƙa wa suna ba. Ita kuma ta aiko da lissafi sau biyu a shekara, a karanta shi a gaban taro, kamar yadda ake karanta na kuɗin kai gawa gida, wanda ba mu taɓa fashin tarawa ba.