Ɗalibi da bokitin wankin mota, ina abin kunyar?

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da ke karatu a nan Kudu. Yau maganar wankin mota zan yi, kuma na san wasu tun daga nan za su taɓe baki su wuce. To ku ɗan tsaya.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuma a shekarar jami'ar Legas ta ninka kuɗin makaranta, kowa ya san yadda aljihu yake. Wanda ake turo wa kuɗi daga Kano ko Gusau ya san yanzu sai ya kira sau uku kafin ya ji alat. Amma ka zaga wurin ajiye motocin lakcarori a Akoka, ko harabar asibitin koyarwa a Idi-Araba, ka ga motoci jere, ƙura ta rufe su. Su wa ke wankewa? Yawanci ƙannenmu ne da suka zo ci-rani, da bokiti ɗaya, tsumma ɗaya da ƙullin omo, a ba su abin da bai taka kara ya karya ba. Can kuma a Lekki akwai shagunan da ke karɓar kuɗi mai kauri a kan mota ɗaya. Ruwa ɗaya, mota ɗaya, sani ne kawai ya raba su. Mu kuma da muke da waya da data da Turancin karanta bayan kwalba, mun zauna muna jin kunya.

Sanin ma ba wani mai wuya ba ne. Fentin mota akwai wani siririn rufi mai sheƙi a samansa, bai kai kaurin takarda ba, shi ke kare launin. Duk wanda ya goge mota a bushe lokacin hunturu, yashi yake gurzawa a kan rufin nan. Waɗannan zane-zanen kamar saƙar gizo da kake gani a baƙar mota in rana ta haska, daga nan suke. Omo kuwa an yi shi ne don ya cire maiƙo, saboda haka yana tafiya da man kariyar da aka shafa wa fentin. Sabulun mota daban yake. Sai a fara kwarara ruwa ƙura ta sauka, a yi bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye tsumma, a wanke daga sama zuwa ƙasa, a inuwa. In ka yi a tsakiyar rana ruwan rijiyar burtsatse zai bushe ya bar tabo fari-fari. Kashin tsuntsu kuma ba a barinsa ya kwana biyu, cin fenti yake yi.

Ƙafafun mota nasu tsumma da buroshi daban. Baƙin da ke manne a wili ƙurar burki ce, akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki, ka kai tsumman nan jikin ƙofa ka gama da ita. Masu shafa wa taya baƙin mai ko man burki don ta yi ƙyalli, don Allah a daina, roba ba ta son su, man burki kuma in ya ɗiga a fenti sai ya ɗaye shi. A Legas ga iskar teku mai gishiri ga ambaliyar damina, in ba a ɗauraye ƙarƙashin mota tsatsa ce za ta biyo baya.

Kujerar fata ita ce ta fi ban dariya. Mu jikokin dukawa mun ɗauka duk fata mai take so, sai ka ga an lafta mata man kaɗe ko basilin. Fatar yawancin motocin yanzu an rufe ta da wani shafi tun daga kamfani, man ba ya shiga, a sama yake zama ya tara datti ya ɓata wa mai mota farar shadda. Tsumma mai laushi da ɗan danshi da maganin goge fata sun isa, sai a kare ta daga rana, don rana ke tsattsaga ta. Sitiyari da feda kuwa kada abu mai santsi ya taɓa su, wannan maganar rai ce.

Wani zai ce karatu ya kawo mu. Gaskiya ne, kuma ban ce a bar lakca a kama bokiti ba. Safiyar Asabar da Lahadi muke magana, motoci uku ko huɗu na mutanen da suka san ka, bayan ka nemi izinin masu kula da harabar, don ba ko'ina ake yarda a zubar da ruwa ba. Wani kuma zai ce ai za a ƙwace wa 'yan ci-rani abincinsu. Ni a ganina haɗa kai za a yi: kai ka san kayan da yadda ake magana da farfesa, shi yana da ƙarfi da lokaci, ka koya masa, kuɗin aikin ya tashi, ku raba.

Ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa da ke tara kuɗi duk shekara don ranar al'ada da hayar doki, ko kashi ɗaya cikin goma aka ware zai sayi bokitai da tsummoki da sabulun farawa. Shugabanni, muna jiran ku a taron semesta mai zuwa.