Ƙuri'ar Tazarce Da Abin Da Ya Biyo Baya

Wannan mako za mu leƙa maƙwabta, watau Jamhuriyar Nijar. Mu mutanen Kasuwar Daji, Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi ba baƙin juna ba ne da mutanen Maraɗi, akwai auratayya, akwai ciniki. Saboda haka abin da ya same su darasi ne gare mu.

A shekarar 2009 wa'adin Shugaba Mamadu Tanja na biyu ya zo ƙarshe, tsarin mulki kuwa bai yarda da na uku ba. Sai magoya bayansa suka fito da kirarin "Tazarce", wai a bar shi ya kammala ayyukan da ya fara. Kotun tsarin mulki ta ce a'a. Shugabar kotun nan mace ce 'yar'uwarmu, Salifu Fatimata Bazeye. Tanja ya rushe majalisar dokoki a watan Mayu, ya rushe kotun a watan Yuni, ranar 4 ga Agusta aka jefa ƙuri'ar raba gardama. Hukuma ta ce fiye da kashi 92 cikin 100 sun amince a ƙara masa shekara uku.

To, amma gardama ba ta rabu ba. 'Yan hamayya sun ƙaurace wa akwati, don haka ba a ƙirga muryarsu ba. Wanda ya zauna gida don fushi, ai ba yarda ya yi ba. Maimakon shugaba ya jawo su a jiki, sai aka zarce da zaɓen majalisa a watan Oktoba, nan ma suka ƙi fitowa. Ƙungiyar ECOWAS ta dakatar da Nijar, Tarayyar Turai ta tsayar da taimako, sulhun da Janar Abdussalami Abubakar ya jagoranta ya cije. Ranar 18 ga Fabrairu, 2010, sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kifar da gwamnati, dubban mutane suka fito titunan Yamai suna murna. Wata shida ke nan da 'yan kwanaki bayan wancan babban rinjaye. A shekarar kuma ƙarancin abinci ya takura ƙasar, kun kuwa san uwa ce ke fara jin kukan yaro.

Ba yabon juyin mulki muke yi ba, bindiga ba ta tambayar ra'ayin kowa. Abin lura shi ne, aikin shugaba yana farawa ne washegarin ƙuri'a. Kowace matar aure ta san maigidan da ya saurari ɗaki ɗaya ya toshe kunne ga ɗaya, ba zai yi barci ba. Ƙasa ma haka take.

Ku 'yan makaranta, ku riƙe sunan Fatimata Bazeye. An tuɓe ta don ta faɗi gaskiya, amma a 2010 ita aka kira ta shugabanci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya. Gaskiya dokin ƙarfe ce.

Mu kuma iyaye, sai a 1976 matan Arewa suka sami damar jefa ƙuri'a a Nijeriya. Kada mu sayar da ita kan sabulu da turmin atamfa, kada kuma mu yi gaba da maƙwabciya don ta zaɓi dabam. Zaɓe zai wuce, katangarmu ɗaya.

Allah Ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, amin. Sai mako mai zuwa.