Ka biya bashinka, amma me aka rubuta a kanka?

Watan jiya na je neman rancen jikka 300 a wani asusun ajiya da bashi nan Dogon Dutsi. Ma'aikacin ya duba kwamfuta, ya ce makina ya faɗi. Wane maki kuma? Ni da ban taɓa wuce ranar biya ba!

Ashe tun 2016 ƙasashe 8 na UEMOA suna da ofishin tattara bayanan bashi, BIC, ƙarƙashin kulawar BCEAO, kamfanin Creditinfo ke tafiyar da shi. Bankuna da asusai suna tura masa labarin wanda ya ci bashi da yadda yake biya, daga nan ake lissafa maki. Waccan takardar da muke sa wa hannu ba mu karanta ba, har da yardarmu a ciki.

Da na bi diddigi, sai ga dalili: lamunin da na tsaya wa wani ɗan uwana a Tibiri. Damina ta ƙi, ya makara wata biyu, babu wanda ya kira ni. Wani kuma kuskure ne kawai: ya biya ba a shigar ba, ko an haɗa shi da mai irin sunansa. Mahamadu nawa ne a Arewa?

Ƴan uwa, doka ta ba mu damar ganin rahotonmu da neman a gyara kuskure. Ku tambaya tun kafin buƙata ta taso, ku adana kowane rasit. Su kuma asusai, mene ne wahalar yi wa manomi bayani da Hausa kafin ya dangwala yatsa?