Kafin Ka Malale Tsakar Gida Da Siminti, Bar Wa Itace Wuri

Daga Wakilinmu na Arewa

 Yau daga Zabarmari na ɗauko muku magana, wato garin nan na manoman shinkafa da ke Ƙaramar Hukumar Jere ta Jihar Barno, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri. Maganar kuwa ta tsakar gida ce, da irin abin da ya kamata a dasa a cikinta.

A bazarar da ta wuce na shiga wasu gidaje biyu da ke maƙwabtaka da juna, da izinin masu su. Na farkon, ɗan gidan yana kasuwanci a Ikko, Allah kuwa Ya buɗa masa. Ya aiko da kuɗi an rushe ɗakunan ƙasa, an ta da na bulo, an rufa kwano, aka malale tsakar gida da siminti tun daga zaure har madafa. Tsohuwar darbejiyar da ke gidan an sare ta, wai tana zubar da ganye. A madadinta sai ga bokitai jere da furannin da ya zo da su daga Kudu, har da 'yar kwakwa guda, duk sun bushe ƙamas. Da azahar ta yi, sai na ga tsohuwarsa ta naɗe tabarma ta nufi gida na biyun, wanda har yanzu ginin ƙasa ne, amma akwai darbejiya a yamma da ɗakuna, da zogale a bakin katanga, da lalle, da lemun tsami kusa da wurin alwala. A can take wuni, sai rana ta yi sanyi ta komo gidan ɗanta.

Ban ga laifin yaron nan ba a niyyarsa, domin ya so uwarsa ta huta da shara da taɓo. Kuskurensa shi ne ya auna Barno da mudun Ikko. Ruwan da Ikko ke samu a shekara ya wuce milimita 1,500, na Maiduguri kuwa wajen 600 ne, shi ma daga Yuni zuwa Satumba ya tattara ya tafi. A watan Afrilu zafi kan haura 40 a ma'auni. Shukar da ta saba da laimar bakin teku, yaya za ta yi da watanni takwas na rani? Zanen aro ba ya rufe katara.

Wanda ya san Maiduguri ya san abin da ya sa ake iya tafiya a ƙasa cikin tsohon gari da rana tsaka. Darbejiya ce, wadda wasu ke kira dogon yaro. Asalinta daga Indiya take, kuma a lardin Barno aka fara cin nasarar dasa ta a Nijeriya wajen 1928. Waɗanda suka haƙa mata ramuka suka yi ta ɗaukar ruwa sun daɗe da rasuwa, amma ta ƙetare farin 1973 da na 1984, ga jikokinsu nan suna cin kasuwa a inuwarta. Irin wannan dashen nake nufi, wanda za a yi sau ɗaya a daɗe ana mora.

To, a Zabarmari maganar ta wuce ta inuwa kawai. Ba wanda ya manta ranar 28 ga Nuwamba, 2020, da 'yan Boko Haram suka yi wa masu yankan shinkafa kisan gilla a gonakin Koshebe. Washegari aka yi jana'izar mutum 43 a Zabarmari, Gwamna Babagana Umara Zulum yana cikin sahu. A garin da shiga daji ya taɓa cin rayuka haka, duk ganyen miyar da mace za ta tsinka ba tare da ta fita ƙofar gida ba, ba ƙaramin abu ba ne. Duk reshen da aka sassabe daga itacen gida aka hura wuta da shi, ya rage wa yaro tafiyar neman itace.

Saboda haka ga shawarata ga mai aiko da kuɗin gini. Ka ce wa magini ya bar ko da sulusin tsakar gidan a ƙasa. Sa'an nan ka raba abin dasawa gida uku: na inuwa, na tukunya, da na shinge.

Na inuwa guda ɗaya ya isa, darbejiya ko mangwaro mai aure, a dasa shi yamma da ɗakunan kwana, domin ranar la'asar ita ce ke gasa bango har mutum ya kasa barci da dare. A nisanta shi da katanga da masai da rijiya kamar taku shida ko fiye. Durumi da ceɗiya kyawawan itatuwa ne, amma wurinsu ƙofar gida ko dandali, domin saiwarsu kan tsaga gini. Itacen turare kuma shan ruwa gare shi, ga inuwarsa ba ta taka kara ta karya ba.

Na tukunya, zogale ne a gaba. Reshe kawai za ka yanka ka kafa, kafin damina ta fita an fara tsinkar ganye, in kuwa ana datse kansa sai ya yi ta tofo. Sai lemun tsami da gwaiba. Gwanda kan ba da 'ya'ya cikin shekara guda, amma a dasa uku ko huɗu, don wata namiji ce ba ta haihuwa. Na shinge kuwa ba kamar lalle, yana jure rani, furensa da ƙamshi, mata kuma sun huta da saye ranar biki. Kuɓewa da yakuwa da alayyafo sai a watsa su a tsakani, su ne 'yan damina, su zo su wuce.

Lokacin aikin shi ma abin lura ne, ba a fafe gora ranar tafiya. A haƙa rami tun cikin Mayu, faɗi da zurfi ƙafa biyu, a cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, kada a sa ɗanye don yana ƙona saiwa. A jira sai ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, sa'an nan a dasa. A kewaye shi da ƙaya ko bulo, in ba haka ba akuya ta gama da shi a yini guda. A kuma tuna da ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri da Jere. Gwanda da zogale ba su son ruwa ya kwanta musu, don haka a gidan da ke kwari sai a yi musu tudu.

Na san wani zai ce ruwan sha ma da ƙyar, ina na ba itace? Amsa ita ce ruwan alwala da na wankin shinkafa da ake zubarwa kullum ya ishi dashe biyu ko uku. A binne tsohon tulu kusa da gindin, a riƙa cika shi, zai yi ta tsattsafowa a hankali. A rufe gindin da ɓuntun shinkafa, wanda a Zabarmari ba a rasa shi, don kada rana ta shanye laimar. Rani biyu na farko ne masu wuya, bayan nan darbejiya da lalle sun kama kansu.

Wani kuma zai ce wa zai dasa itace a inda bai tabbata zai kwana ba gobe? Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma mutanen Zabarmari sun binne 'yan'uwansu sun koma fadama sun ci gaba da noma, kai kuma ka yarda ka zuba dukiyarka a bulo da kwano a garin. Wanda ya yi ƙarfin halin gini, dashe ba zai gagare shi ba. Gwamnati tana da nata shirin na ganuwar itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Barno kuma tana cikin jihohi 11 da ya shafa, amma ba ma'aikacin da zai shigo gidan tsohuwarka ya dasa mata inuwa.

Hausawa suka ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Kada mu zama haka, a san mu da alheri a Agege da Sabo, iyayenmu kuwa suna yawon aron inuwa a maƙwabta. In za ka aika da kuɗin siminti bana, ka ware na dashe, ka kuma sa wa wani ƙanenka ɗan abin hasafi a wata don ya riƙa ba shi ruwa. Malamai sun sha gaya mana dashen itace sadaka ce mai gudana. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.