BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Jama'a, akwai ciwon da kan zo ya wuce, akwai kuma wanda kan zauna da mutum muddin ransa. Cikin irin na biyun nan, kaɗan ne suka addabi ƙasarmu kamar amosanin jini, wanda mutanen asibiti ke kira sikila. Cikin 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara a Nijeriya, ba kuwa ƙasar da ta kai mu.

Ga yadda ciwon yake. Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce mai taushi, takan yi kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila kuwa takan lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. In irin waɗannan suka cushe cikin ƙananan hanyoyin jini, sai ciwo ya taso a ƙashi, ko ƙirji, ko ciki, wanda ba ya misaltuwa. Sanyin hunturu, da zazzaɓin cizon sauro, da ƙishirwa, da aikin wahala, duk suna tayar da shi.

A shekarun 1970 masu bincike a Garki, wadda yanzu ke cikin Jihar Jigawa, sun tarar jarirai wajen biyu cikin ɗari na da ciwon, amma da ƙyar suka sami babban mutum mai shi. Watau yawancinsu sun rasu tun suna ƙanana. Yau, albarkacin magani, da yawa suna girma, su yi karatu, su yi aure. Amma fa hanyar asibiti ta zama musu kamar hanyar kasuwa, sau da yawa kuma da tsakar dare.

To, a nan ne wahalar take. An kawo yaro yana murƙususu, likitan da ke aiki daren nan bai taɓa ganinsa ba. Katinsa yana ɗakin ajiya, an kulle, ko kuwa yana wani asibiti dabam. Uwa ta ruɗe, uba ya manta sunan magani. Sai a fara tambaya tun daga farko, lokaci yana ƙurewa.

Shawararmu ita ce, kowane mai ciwon nan ya kasance da ɗan littafi wanda ba ya rabuwa da shi. A rubuta sunansa da lambar katinsa, da asibitin da ke dubansa. A rubuta rukunin jininsa, da sau nawa aka yi masa ƙarin jini, da yaushe. A rubuta magungunan da yake sha kullum, da wanda jikinsa ba ya so, da wanda ya kwantar masa da ciwo a karon baya. Abu mafi muhimmanci, a sa likitansa ya rubuta awon jininsa na lokacin da yake lafiya. Gama jinin mai sikila kullum ƙasa yake da na sauran mutane, in ba a san inda ya saba tsayawa ba, da wuya a gane ko ya faɗi ƙwarai.

A shafin ƙarshe a jera alamun da ba a jiran gari ya waye: zazzaɓi mai zafi, ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki, kumburin saifa farat ɗaya, da tafin hannu ya yi fari fat. In an ga ɗaya daga cikinsu, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, sai asibiti.

Sa'an nan muna da magana da ma'aikatan asibiti. Masu ciwon nan sun daɗe suna kukan cewa in sun ambaci allurar da ke yi musu aiki, sai a dube su da idon zargi, wai sun saba da ita ne. Gaskiya ne akwai waɗanda allurar kashe zafi ta zama musu jaraba, wajibi ne kuma likita ya yi hattara. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Littafin da likita ya sa wa hannu shi zai raba gardama, ya hutar da kowa. A Ingila, tun 2012 ƙa'idar da aka shimfiɗa ita ce a ba mai sikila maganin zafi cikin minti 30 da isowarsa. Mu ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana a ƙi duba wanda aka kawo cikin gaggawa, ko da wane dalili. Wanda ya saɓa, tarar Naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu.

Cikin 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure. Madalla da wannan, amma tana tsaron na gaba ne. Waɗanda aka riga aka haifa fa?

Malaman makaranta da akawuna, alƙalami a hannunku yake. Da wuya a sami makaranta ko unguwa da babu mai ciwon nan, iyaye da yawa kuwa ba su iya rubutu ba. Ku saya musu littafin, ku raka su wurin likita ranar da yaro ke da lafiya, a cika shi. Malami kuma ya san ɗalibinsa, ya bar shi ya sha ruwa cikin aji, kada ya tsai da shi cikin sanyi ko rana. Aikin sa'a guda ne, amma wata rana shi zai tsaya wa yaro sa'ad da bakinsa ya kasa magana.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, mu kuma ya ba mu ikon taimakonsu, amin.