Masu Hana A Yi Wa Yahudawa Kuɗin Goro

Jama'ar Makera, Dutsin-Ma da Kurfi,

A watan Maris na 2014, Farfesa Muhammad Dajani na Jami'ar Al-Ƙudus ya kai ɗalibai Falasɗinawa 27 Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka hallaka mutum fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu Yahudawa. Ba wanda zai koya wa bawan Allahn nan zafin mamaya, domin ɗan Ƙudus ne, kuma ya yi gwagwarmaya a ƙungiyar Fatah ta Falasɗinawa tun yana saurayi. Duk da haka yana dawowa aka yi masa caa, ana kiransa maci amana. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aiki, a Janairun 2015 kuma aka banka wa motarsa wuta.

Ranar 9 ga Janairun 2015 ɗin kuma, ɗan bindiga ya kutsa wani kantin Yahudawa a birnin Paris, ya kashe mutum huɗu. Yaron kantin, Lassana Bathily, Musulmi ne ɗan Mali. Ya ɓoye masu sayayya a ɗakin sanyi da ke ƙasa, ya kashe injin, ya sulale waje neman taimako. 'Yan sanda na ganinsa suka danƙara masa ankwa, suna zaton abokin maharin ne, kafin daga baya su saurari bayanin da ya taimaka musu shiga kantin.

Na san abin da ke ran da yawa daga cikinmu: Gaza. Ni ma yana raina. Amma gwamnatin Isra'ila daban, tsohuwar Bayahudiyar da ta je sayen burodi a Faransa daban. Wanda ya ɗora wa wannan tsohuwa jinin yaran Gaza bai rage wa Falasɗinu komai ba, zalunci kawai ya ƙara a duniya.

Wannan muhawara ba yau aka fara ta ba. Shehu Al-Magili, wanda Kano da Katsina suka amfana da iliminsa, kafin ya iso nan ya tayar da jama'a a kan Yahudawan yankin Tuwat har aka rushe wurin ibadarsu a Tamantit. Alƙalin yankin, Abdullahi al-Asnuni, ya ja da shi, ya tsaya a kan cewa mutanen nan suna ƙarƙashin amanar Musulmi. Muna girmama Shehu, amma a wannan gaɓa ina tare da alƙali.

Mu a nan mun san ɗacin kuɗin goro. Tunda 'yan bindiga suka addabi ƙauyukanmu, Bafulatani nawa ne da bai taɓa riƙe bindiga ba yake tsoron shiga kasuwa? Wanda ya buɗe baki ya kare shi, nan take a ce ɗan leƙen asirin ɓarayin daji ne. Duk da haka akwai masu tsayuwa: a Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Liman Abdullahi Abubakar ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban mahara yana roƙonsu har suka juya.