Masu cewa fim ɗin barkwanci shirme ne, ku zo mu yi magana

A Tahoua, da zarar an ambaci fim ɗin ban dariya sai ka ji manya da 'yan boko sun haɗa baki: shirme ne, aikin marasa aikin yi. Ni kam ban yarda ba.

A 1959 Billy Wilder ya fitar da Some Like It Hot a Amurka. Makaɗa biyu ne suka ga kisan 'yan daba a Chicago, suka sa kayan mata suka ɓuya cikin ƙungiyar makaɗa mata, can suka ɗanɗana irin cin fuskar da mata ke sha a hannun maza. Jama'a na dariya, magana na shiga. A 1989 hukuma ta sa shi cikin finafinan da ƙasar ke adanawa don jikoki.

Mu fa? Moustapha Alassane a garin nan ya zauna, a nan ya kafa ɗakin aikinsa, kafin Allah ya yi masa rasuwa a 2015. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunayen Turawa, suka hau dawakai suka addabi garinsu. Wane Ba'adare ne bai san wannan saurayin ba? Ƙasarmu ta 'yan ci-rani ce. Kowace shekara samari na dawowa daga Abijan ko Libiya, wasu da arziki da ladabi, wasu da baƙuwar ɗabi'a da raina iyaye. Alassane ya faɗa mana haka tun kusan shekara 60 da suka wuce, ba tare da ya zagi kowa ba. Har masu mulki bai bari ba, domin a Bon voyage Sim kwaɗi ya zana, shugabansu ya kai ziyara wata ƙasa maƙwabciya da gayya.

Wannan ne shirmen? Abin da ke ci mini rai shi ne yaranmu sun san Ibro na Kano, Allah ya jiƙansa, amma da wuya ka sami wanda ya ga fim ɗaya na Alassane.

Jami'ar Tahoua da hukumar gari, ku nemo finafinan nan, ku kafa majigi a fili, ku nuna wa matasa kyauta.